Akuyar da Ta Shiga Kaset ɗin Marigayi Din

Ko da zan manta komai na zamana a Kuala Lumpur, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ji muryata a wani mamak, wato gidan shayi da abinci, na unguwar Sri Petaling ba.

Ni ba mai magana ba ne. Ban yi boko ba. Na yi dako a Legas, na kwana a tasha, yanzu ina haɗa wa ɗalibai kayan da za su aika gida. Su suka sa min Baba Shiru, kuma sunan ya yi min daɗi.

Maƙwabcina Abang Zul dattijo ne ɗan Malay, mai furfura har kafaɗa. Da ƙuruciya makaɗin gita ne. Shi da abokansa sun yi kiɗan rok a gareji da ɗakunan iyayensu, lokacin da babu gidan rediyon da zai saka su. Ɗakinsa cike yake da kwalayen takalma, kowanne shaƙe da kaset na ƙungiyoyin da duniya ta manta, danshin garin nan yana cin su a hankali. Guda ɗaya ne ya fi damunsa. Shi kaɗai ya rage mai muryar mawaƙinsu, marigayi Din, kuma matar Din, Kak Ros, ta roƙa a juye mata shi a waya ta sake jin mijinta. Rediyon Zul kuwa ya fara tauna zaren kaset.

Na ce boleh, wato zan iya, a kawo. (Na taɓa tallan kaset a Kano, shi ne nake ganin kaina injiniya.) Na goge funfunar da auduga, na naɗe zaren da biro, na saka a tsohon rediyona, na jingina waya da sifika, na danna ɗauka. Waƙar ƙarshe tana ƙarewa zaren ya tsinke. Na ce Alhamdu lillahi, an riga an samu. Ban saurara ba na tura wa Zul.

Ranar Lahadi da rana tsofaffin 'yan ƙungiyar suka taru a mamak, aka kawo shayi. Kak Ros ta zauna kusa da sifika. Ganguna suka tashi, gita ta yi kururuwa, Din ya kwarara ihu. Ta rufe ido.

Sai ga wata murya ta daban, raɗau.

"Inna lillahi. Wannan waƙa yake yi ko yanka shi ake yi?"

Muryata ce, wayar ta ɗauke duk abin da na faɗa ranar. Ashe in ina ni kaɗai bakina ba ya hutawa. Na yi wa mai ganga nasiha. Na tambayi ina iyayen yaran nan suke. Da na tuna babu mai jin Hausa a teburin, sai na ɗan sami numfashi. Can Din ya ja wata doguwar murya mai rawa, ni kuma a cikin ɗaukar na amsa masa da iyakar ƙarfina: "Meeeee!"

Kukan akuya ba ya buƙatar tafinta.

Kafin waƙa ta uku, ni ne nake ta amshi ina buga murfin tukunya. Na sunkuyar da kai. Kafaɗun Kak Ros suna girgiza, na ce shi ke nan, na sa matar mamaci kuka. Da ta ɗago, hawayen na nan, amma dariya ce.

"Kambing," ta ce, wato akuya. Haka mahaifinta yake kiran Din tun ranar da ya fara zuwa zance, sunan ya bi shi har ita da shi suka tsufa tare. Ta ce ta zaci babu sauran mai kiransa da sunan.

Na ce zan nemi a liƙe zaren, in sake ɗauka bakina a rufe. Ta riƙe wayar a ƙirjinta ta ce kada wanda ya taɓa. Zul ya ce dama babu kaset ɗinsu da ba a jin uwar wani tana faɗa ko zakara yana cara, don haka na shiga ƙungiya ke nan.

Yanzu ni nake juye masa sauran kwalayen. Sunan Baba Shiru ya tafi, a layinmu Abang Kambing ake ce min, wato Yaya Akuya. Abin da na koya kuwa shi ne, da na danna ɗauka, sai in ja ƙofa in tafi shan shayi.