Benen Kawu da Ya Maƙale a Sama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara dattawan Gummi kallon sararin samaniya ba.

Lokacin ina karatun zanen gine-gine, kaina ya kumbura. Kawuna Alhaji Bala zai gina bene a bakin kasuwa, sai na ce kada ya aza bulo ko ɗaya sai na nuna masa gidan a kwamfuta, har da fenti. Ya ce in na iya, ni zan kula da aikin.

Matsalar, kwamfutata ta tsufa, in na juya zane sai ta yi ta shessheka. Na tafi Sakkwato. Mai shago ya nuna min abu biyu: katin hoto, mai sa zane ya juya sumul, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke lissafa hoton ƙarshe. Ya ce, "Don irin aikinka, furosesa za ka fara canzawa." Na dubi furosesan, ɗan mitsitsi kamar biskit. Na dubi katin, ga fanka, ga kwali mai hoton dodo yana aman wuta. (Tsakaninku da Allah, wanne za ku ɗauka?) Ni dai katin na saya.

Ranar nuni Kawu ya gayyato abokansa 'yan kasuwa, aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka tada janareto. Na yi ta juya ƙwarangwal ɗin gidan hagu da dama, ana ta masha Allah. Da a nan na tsaya, da na tsira. Sai bakina ya ce, "Wannan ai wasa ne. Yanzu za ku gan shi da fentinsa."

Na danna. Hoton ya fara fitowa daga sama, layi-layi. Shuɗi. Shuɗi. Sai ɗan gajimare (ni na saka shi, wai don ƙawa).

"Ina gidan shike?" in ji Kawu.

"Yana tafe, Kawu."

Aka dama fura aka shanye. Aka je la'asar aka dawo, an samu ƙarin gajimare. Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Alhaji, wanga gida sai lahira za a shige shi?" Zufa ta jiƙa min shadda sharkaf.

Can sai tsinin kwanon rufi ya leƙo. Kawu ya miƙe tsaye, "Ga shi nan! Ya hito!" Janareto ya yi tari ya mutu. Mai ya ƙare.

Kawu ya dafa kafaɗata. "Ba komi, ɗana. Samanka ya yi kyawo ƙwarai. Ƙasan dai za mu ba wani."

Har yau Injiniyan Gajimare ake ce min a garin, har Inna. Tun daga ranar, duk abin da zan nuna wa jama'a sai na fara gwada shi ni kaɗai, ƙofa a kulle. In kunya ce, gara mu ji ta daga ni sai kwamfutar.