Rasuwar Penko, Kiristal ɗin Ɗaki na Sha Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun hagu naɗe cikin bandeji, ni Dokta Yavor Chilingirov nake sanar da abokan aiki da duk mai wucewa ta gaban wannan ƙofa rasuwar Penko, kiristal ɗin ɗaki na sha ɗaya, wato dutsen gishirin nan mai kama da gilashi da muka raina, wanda ya gamu da ajalinsa ranar Talata da hantsi a kan matakalar cibiyarmu ta bincike a nan birnin Plovdiv. Ya rasu yana da wata goma sha bakwai a duniya da nauyin kilo talatin da takwas. Allah ya gafarta masa, ko da yake ban san laifin da ya taɓa yi ba.

An haife shi ɗan tsito, bai kai ƙwayar wake ba. Ni da Baba Stamen, mai kula da injunanmu, muka ɗora shi a faifai cikin tankin ruwan gishiri mai ɗumi. Kullum sai mu rage zafin ruwan ɗan kaɗan, abin da ko fatar jariri ba za ta ji ba, shi kuwa yana tsotsar gishirin yana ƙiba. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Iyakar maganarsa "zuuu… ƙit, zuuu… ƙit", in faifan ya juya dama ya komo hagu. Sau biyu aka ɗauke wuta, sau biyu Baba Stamen ya tuɓe kwat ɗinsa ya lulluɓe tankin, ya zauna da singileti cikin sanyin Janairu.

Marigayin mai gaskiya ne ciki da bai, kana iya karanta jarida ta cikinsa. Hoton eksire na ƙaninsa da suka tashi tanki ɗaya ya nuna ƙwayoyin jikinsu a jere reras, babu wadda ta kauce wa layi. Irinsu ake harba wa hasken leza wanda ido ba ya gani, ya fito ta ɗaya gefen kore shar. Abu biyu kawai ba ya so: sanyi na farat ɗaya, da tsurar ruwa, wanda ke narkar da shi kamar sukari a shayi.

A kansa muka ɗora rayuwarmu. Tun bara darakta, Farfesa Dishliev, ya ce mini, "Yavor, ko ka nuna wa kwamitin gwamnati kiristal mai amfani, ko ka kawo mabuɗi. Sito zan mai da ɗakin nan." Shekara ashirin da shida na yi a ɗakin, Baba Stamen ya ma riga ni.

Ga yadda jinyar ƙarshe ta kasance, kuma ba ta kai minti uku ba. Kwamitin ya iso daga Sofiya, babban birni, mako guda kafin ranar da aka sa. Kwanan Penko biyu da fitowa daga tanki, yana cikin barguna, yana bukatar wasu kwana shida ya huce a hankali. Manyan suka ce ba za su hau bene ba, a sauko da shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, jikinsa da ɗumi fa." Darakta ya ce, "To jego yake? Ɗora shi a keken turawa, malam!" A bakin ƙofa kuma ya fizge bargunan, wai a ga ƙyallinsa tun daga nesa.

A nan Goggo Gergina ke tsaye, mai sharar benenmu, wadda ke kiran marigayin jikanta. A nan ƙasar kowa ya san ba a barin ɗa ya fita jarrabawa ba a watsa ruwa a gabansa ba, don al'amarinsa ya tafi sumul. Ta cika tukunyarta ta tagulla a famfon tsakar gida, ruwa mai sanyin da ke huda haƙori. Ta ce, "Je ka kamar ruwa, jikalle!" Ta watsa. Daidai lokacin Baba Stamen ya tura keken gaba, ruwan da aka nufi ƙasa da shi ya sauka a fuskar Penko.

"Tas!" Kamar an harba bindiga. Tsaga ɗaya ta ratsa shi daga sama har ƙasa.

Idona ya rufe. Na wawuri sifana na yi kan darakta, na same shi a baki, ya tofar da haƙora biyu a bango. Ya shaƙe ni, na cije shi a kunne. Na ɗaga sifanar zan ƙara masa, santsin ruwan ya kwashe ni, kafaɗata ta daki keken. Keken ya wuce ƙofar lif ya nufi matakala. Taki ashirin da biyu ne, kuma na ji kowanne a ƙirjina: gam, gam, garam, sannan ratsatsa!

Kwamitin na tsaye a ƙasa, sun ɗaga kai suna jiran ganin abin mamaki. Sun kuwa gani. Wani ɓalli ya tsaga girar shugabansu, wani ya farfasa tabaran sakatariya, wani ya yi gaba da tagar maigadi. Baba Stamen ya bi keken da gudu yana ihu, "Ɗana! Ɗana!" ya gangara a bayansa ya karye a hannu. Ni ma na bi da rarrafe ina tattara ɓaraguzai har tafina ya dare. Shugaban kwamitin ya sa hannu a takardar rufe ɗakin da hankici a goshi, jini na ɗiga a kan hatimi.

Marigayin ya bar tanki ɗaya, da Baba Stamen a asibiti, da ɓaraguzai cike da bokiti biyu. Ya kuma bar Goggo Gergina, wadda yau kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba, tana cewa ita ta kashe shi.

Goggo, saboda ke na manna wannan takarda a ƙofar ɗakin tsintsiyoyinki, don na kasa faɗa miki baki da baki. Ruwanki raba shi biyu kawai ya yi. Kowane rabi ya isa a yanka faranti shida masu kyau, kuma ko ɗaya aka nuna wa kwamitin da ba a rufe ɗakin ba. Na san haka tun kafin in ɗauki sifanar. Ni na kashe shi, wallahi ni ne, kuma kunya ta ishe ni. Don Allah ki ci abinci.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe goma sha ɗaya. Za a narkar da gawar a tankin da aka haife shi, a zuba ruwan a gindin furen wardin da ke bayan cibiya, tunda gishirinsa ɗan'uwan takin zamani ne. Akwai dafaffiyar alkama da sukari, akwai barasar nan da ake kira rakiya daga garin su Baba Stamen. Ba a bukatar furanni, kuma kowa ya zo da takalmi mai kauri, har yanzu akwai tsini a matakala.

Da sha biyu daidai zan shiga ofishin darakta in miƙa mabuɗi. Ana neman ƙarfafa biyu daga cikin masu ta'aziyya su raka ni, su riƙe mini hannun dama gam har in fito.