Gwiwar da Ta Gaida Suruki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da gwiwata ta ci amanata a gaban baƙin Yamai ba. Har yau idan na tuna, sai zufa ta keto mini, dariya kuma ta ƙwace mini.

A da ni ɗan dako ne a wani kamfanin matsar man gyaɗa a nan Damagaram. Wata rana muna sauke buhuna daga kamiyo, wato babbar motar kaya, ƙafata ta zame, na dira a kan gwiwar dama, buhu kuma ya biyo ni don kada in yi kewa. Tun daga ranar gwiwar ta daina lanƙwasuwa. Ofishin da ke biyan diyyar rauni ya duba takardu, ya ce raunin kaɗan ne, ya yanka mini abin da ko man zafi ba ya saya. Na ɗaukaka ƙara. Shekara biyu dosiyena, wato takardun ƙarata, na kwance a Yamai, babban birnin ƙasa, kuma duk masu yanke hukuncin babu wanda ya taɓa ganin gwiwar, sai hotonta.

Irina muna da yawa, shi ya sa muka kafa ƙungiya, da Malam Issufu a matsayin shugaba, wanda inji ya cinye wa yatsu uku. Abin da muke nema bai taka kara ya karya ba: a riƙa sauraron ƙara a nan garin, likita ya duba mutum da hannunsa, a kuma sa wa'adi. Da aka ce tawaga za ta zo daga Yamai ta saurare mu kan gyaran dokar, sai aka zaɓe ni in yi magana da yawun kowa. (Hadiza matata ta ce da a ce da baki ake dako, da tuni na gina bene.) Mako guda ina gwada jawabi a tsakar gida, kaji ne masu sauraro.

Ranar taro na sha babbar riga, na dogara sandata, na tsaya gaban wata Madam mai tabarau, shugabar tawagar, da wani likita matashi a gefenta. Kai, ranar bakina ya yi daɗi! Na kawo maganar 'yan majema, na kawo ta magina, na kawo ta zawarawan da mazansu suka rasu suna jiran amsa. Madam sai rubutu take, 'yan ƙungiya na gyaɗa kai, ni kuwa kaina sai ƙara girma yake. Na buga sanda a ƙasa na ce, "Madam, wallahi shekara biyu ke nan a kujera nake salla. Gwiwar nan ko sarki ne ya shigo ba za ta lanƙwasu ba!"

Ban rufe baki ba ƙofa ta buɗe. Ba sarki ba ne. Wan mahaifin Hadiza ne, dattijon da ya ba ni aurenta, tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago da ya koma noma a Durum. Ashe an gayyato shi, ni kaɗai ne ban sani ba. Rabona da shi tun kafin in faɗo daga kamiyo, domin kunyar in gaishe shi a tsaye ta sa nake ta zille masa.

Mai karatu, kada ka tambaye ni yadda aka yi. Kafin hankalina ya ce uffan, takalmana sun fita, sanda ta faɗi can, ni kuma ga ni tsugune a ƙasa, kai sunkuye, ina cewa, "Baba, barka da isowa, an zo lafiya?"

Na saci kallo, na ga Malam Issufu ya ɗora yatsunsa biyu da suka rage a ka. Madam ta sauke tabarau, ta dubi gwiwar, ta dube ni, ta ci gaba da rubutu. A raina na ce shi ke nan, na kashe dosiyena, na kashe na mutane, gobe a Yamai za a ce 'yan Damagaram maƙaryata ne.

Baba ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Tashi mana, ya isa."

Na yunƙura. Gwiwa ta ce ba da ita ba. Wani zafi ya harba har tsakiyar kaina. To me zan yi? Sai na ƙara gaisuwa. Na tambayi Inna, na tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na tambayi hatsi, na tambayi gyaɗa, har sai da na tambayi lafiyar jakinsa. Da tambayoyi suka ƙare, na yi ƙasa da murya na ce, "Baba, ba ta tasuwa."

Malam Issufu ya ce, "Habu, kama shi!" Habu ƙato ne, magini da ya faɗo daga kan gini. Ya miƙe, ya dubi Madam, ya koma ya zauna, ya ce, "Shugaba, ni dosiyena na ciwon baya ne. In na ɗaga shi a gabansu, nawa ma ya mutu." Na kusa da shi ya ce nasa na kafaɗa ne. Ɗaki cike da maza, kowa ya naɗe hannu, yana tsoron a ga ɗan ƙarfin da ya rage masa. Madam ta kasa daurewa, ta kife kai a kan tebur tana dariya har da hawaye.

Likitan ne ya taso ya rungumo ni kamar buhun gyaɗa, ya ajiye ni a kujera, ya naɗe wandona a gaban surukina (da ƙasa ta tsage, da na shige). Gwiwar ta kumbura kamar ƙaramar ƙwarya. Ya latsa, na ƙwalla ihun da aka ji har bakin titi. Ya juya ya ce, "Madam, wannan ba shi ne ƙaramin raunin da ke cikin takarda ba."

Madam ta share ido, ta daina dariya, ta ce wa Habu ya maimaita abin da ya faɗa, ta rubuta shi kalma bayan kalma. Duk jawabin da na yi wa kaji mako guda, ashe bai kai maganar Habu nauyi ba.

Mako uku na yi a kwance, Hadiza na dafa mini ruwan zafi tana kwaikwayon yadda na tambayi jaki. An sake duba ƙarata, maganar gyaran doka kuwa har yanzu muna bin ta. Amma diyyar da ta fara isowa ta Baba ce: ya aiko cewa ya yafe mini tsugunno har ƙarshen rayuwata. Na dai koyi darasi. Yanzu duk taron da zan yi rantsuwa a cikinsa, sai na fara tambaya ko an gayyaci wani daga dangin matata.