Rasuwar Hazel, Bindigar Sajan Tafoya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Sajan Wendell Tafoya na ofishin Sherif, shugaban 'yan sandan wannan gunduma, yana sanar da abokan aiki, da duk mai ɗaura bindiga a ƙugu, rasuwar abokiyar tafiyarsa Hazel, ƙaramar bindiga mai cin harsashi goma sha biyar. Ta riga mu gidan gaskiya yau Talata da hantsi, a kan teburin Dwight Ostrander mai duba makaman ofis, tana da shekara goma sha tara a bakin aiki. An zare mata allurar da ke dukan gindin harsashi, aka ɗaura mata jar takarda a kunama, aka saka ta a leda. Sajan na tsaye aka yi duk wannan bai ce uffan ba, kuma shirun nan nasa ne ya jawo wannan sanarwa.

Marigayiya ba 'yar kwalliya ba ce. Baƙa ce, gajera, fentin gefenta ya koɗe inda kube ke gogarta. Amma duk wanda ya san ta zai yi mata shaidar haƙuri. Ba ta taɓa tashi ba tare da an ja kunamarta ba, ko ranar da ta faɗi a kan kwalta, ko ranar da ita da maigidanta suka afka magudanar ruwan gona suna bin ɓarawon a-kori-kura. Ta sha ƙura, ta sha dusar ƙanƙara, ta sha gumin Sajan, wanda ya fi su duka cin ƙarfe. Muryarta biyu ce kawai: ƙaras-ƙas idan an ɗana ta da safe, da tau guda ɗaya mai tsabta a filin gwaji, ko a bakin titi idan mota ta karya barewa ana so a hutar da ita. Shekara goma sha tara ba ta yi magana a kan ɗan Adam ba sai makon jiya.

Shi ma bai yi mata rowa ba. Kowace Lahadi bayan an taso daga coci, yakan shimfiɗa jarida a teburin kicin, ya rarraba ta gida huɗu, ya bi ta da buroshi da tsumma, ya ɗiga mata mai ɗigo biyar, ba huɗu ba, ba shida ba. Sifirin ɗinta kuwa tun kafin ya gaji ake canja shi. Matarsa Ofelia takan tsaya da kofin gahawa a hannu ta ce, “Tsoho, da ni kake shafa wa mai haka, da har yau ana tsayar da mota a kalle ni.”

Ta rasu ta bar Sajan, da kuben fata guda da ya ɗauki siffarta har ba zai karɓi wata ba, da gidajen harsashi uku, da buroshin da ya rasa rabin gashinsa. Ta kuma bar harsashi guda ɗaya, wanda a wannan lokaci yake cikin aljihun rigar Sajan na hagu. A kansa za a ɗan tsawaita, don masu ta'aziyya su san abin da suka zo yi wa ta'aziyya.

Ofelia tana da wa, wanda bindigar da kowa ya rantse babu komai cikinta ta kashe tun tana 'yar makaranta. Saboda haka tun kafin aure ta kafa sharaɗi: bindiga mai harsashi a baki ba za ta kwana ƙarƙashin rufinta ba. Sajan ya yarda, kuma ya riƙe alkawari. Kullum ya dawo aiki, a bakin ƙofa zai zare gidan harsashi, ya ja kan Hazel baya, harsashin da ke bakinta ya yi tsalle ya faɗo tafinsa. Ita ta shiga akwatin ƙarfe, shi kuma harsashin ya tsaya a saman akwatin. Da safe sai a mayar da shi inda ya fito. Shi ɗin dai, kullum, har sai Satumba ta zagayo an harbe tsofaffin harsasai a filin gwaji an raba sababbi.

Shekara huɗu da suka wuce wata takarda ta zagaya ofis. Ta ce harsashin da aka ɗana fiye da sau biyu a jefa shi bokitin atisaye, domin duk ɗanawa duka ce, kuma ɗan maganin da ke gindinsa mai tayar da wuta yana marmashewa a hankali ba tare da ido ya gani ba. Sajan ya karanta, ya sa hannu, ya yi tsaki. Shekara goma sha biyar yana yin nasa, kowace Satumba harsashin na tashi, wane ɗan tebur ne zai koya masa bindiga? Ya ci gaba da abinsa, yana ganin kansa mutum mai kiyayewa, kuma kowa haka yake ganinsa.

Ciwon ajalin marigayiya ya fara ranar Alhamis da tsakar rana, a ƙarshen Agusta. An kira cewa wani mutum a hanyar bakin kogi ya sha ya yi tatul, yana bin maƙwabta da adda. Sajan ya tafi tare da Rhonda Pruitt, wadda shekara bakwai ke nan suna mota ɗaya. Suka tarar da shi a tsakar gida, ba riga, addar na lilo a hannunsa.

Rhonda ce mai sanyin baki, ita ta matsa gaba. “Bawan Allah, rana ta yi zafi. Ajiye wannan abin mu shiga inuwa mu yi magana.”

Mutumin ya ƙara matsowa.

Sajan ya ce a hankali, “Rhonda, ja baya. Ya yi kusa.”

“Na gan shi, Sajan.”

Ta ja taku ɗaya, tsakuwa ta zame mata, bayanta ya bugi ƙofar mota. A nan mutumin ya zaburo. Sajan ya riga ya zaro Hazel, ya saita, ya daka tsawa sau ɗaya, ya ja kunama. Abin da ta ce shi ne ƙyat. Ƙaramin sauti ne, bai fi na makunnin fitila ba, kuma a duk zamansu bai taɓa jin ta yi shi ba.

Hannuwansa suka yi abin da aka hore su a kai. Ya doki gindinta, ya ja kanta baya, mataccen harsashin ya fice, na biyu ya hau. Wannan karon ta amsa, mutumin ya zube riƙe da cinyarsa. Daƙiƙa biyu ke nan, ba su fi ba. Amma a cikin biyun nan addar ta riga ta sauka a hannun daman Rhonda, wanda ta ɗaga ta kare fuska.

Ya ɗaure mata damtsen sama da gwiwar hannu, yana kiran sunanta tana zaginsa, har motar asibiti ta iso. Ana cikin ɗaukarta ya hangi harsashin kusa da taya. Ya sunkuya ya ɗauka. Gindinsa na ɗauke da lotsawar allura mai zurfi, shaidar cewa Hazel ta yi nata aikin. Gefensa kuwa duk ƙarzuwa ce, ta wata goma sha ɗaya na shiga da fita. Babban yatsansa ya gaya masa komai tun kafin kansa ya yarda. Ya duba hagu, ya duba dama, ya jefa shi aljihu.

Kada masu ta'aziyya su yi masa uzuri, shi bai yi wa kansa ba. Tsoro ne. Saura shekara guda da 'yan watanni ya yi ritaya da mutuncinsa. Idan harsashin nan ya hau teburin Sherif, za a ga cewa ya take dokar da ya sa wa hannu, kuma abokiyar aikinsa ce ta biya da hannunta. Tauraron da ke ƙirjinsa, alamar aikinsa, zai tafi. Abin da ya fi tauraron ma, Rhonda za ta sani.

Kwana biyar Hazel ta yi a hannun Dwight. Yau da hantsi ya kira Sajan, ya zaunar da shi gaban sassanta.

“Tafoya, na kwance ta har hanji. Allura lafiya, sifirin lafiya, ko ƙura ban samu ba. Kai wannan tsabtar taka har haushi take ba ni.” Ya nuna wani wuri da bakin biro. “Ga wata tsaga nan siririya a gefe. Ta isa in hana ta komawa aiki, amma ba ita ta hana ta tashi ba. Ina harsashin?”

“Ya ɓace a tsakuwa.”

“Mutum shida suka tankaɗe tsakuwar nan.”

“To, su za ka tambaya.”

Dwight ya sauke tabarau ya dube shi ta sama. “Shekara talatin ina aikin nan, ban taɓa ganin harsashi mai ƙafa ba.”

Sajan ya zuba wa bango ido. Dwight ya jira, ya ƙara jira, sannan ya jawo takarda. A gurbin dalilin mutuwa ya rubuta: tsufa. Haka aka ɗora wa baiwar Allah laifin da ba nata ba, a gaban mutumin da ya fi kowa sanin gaskiya.

Daga nan ya wuce asibiti da ƙunshin burito, wato nama da wake naɗe cikin gurasa, mai koren barkono, irin wanda Rhonda ke so. Ya same ta a jingine, hannun a naɗe har kafaɗa. Yatsu uku ba sa motsi, likita bai yi alkawarin komai ba.

“Sajan, don Allah sauke wannan fuskar. Ni ce a gado, ba kai ba.” Ta karɓi ƙunshin da hagu, yana neman suɓucewa. “Na ji an yanke wa tsohuwarka hukunci. Sannu. Amma sau nawa na ce ka karɓi sabuwa? Ita ta ci amanarmu, kai ka yi iya yinka.”

Ya ce, “Uhm.”

“Kai dai Uhm. Ni fa zan koma, ko da hagu zan koyi harbi. Na ma gaya wa mijina ya ajiye mini harsashina na kullum a saman akwati, kada ya cakuɗa shi da sauran.”

Sajan ya ɗago. “Wane harsashi?”

“Na baki mana. Kamar yadda ka koya mana, a cire a ƙofa, a mayar da safe.”

“Mu wa?”

“Duk wanda ya biyo ta hannunka. Kowa da nasa. Me ya faru? Ka ga yadda ka koma kuwa?”

Ya ce mata ya manta wani abu a mota, ya fita. A zaune a bayan sitiyari ya ƙirga waɗanda ya hora da suna. Jami'ai goma sha huɗu ne a ofishin, tara shi ya hore su. Bai taɓa cewa kowa ya yi ba, gani suka yi suka ɗauka, don sun yarda da shi. A wannan sa'ar shida daga cikinsu suna kan titi, kowanne da harsashin wata goma sha ɗaya a bakin bindigarsa, kowanne yana taka ƙofar da bai san abin da ke bayanta ba.

Saboda haka an tura wannan sanarwa zuwa kowace motar sintiri, an kuma manna ta a allon ofis. Duk wanda ke karantawa a kan hanya, ya gangara gefe yanzu, ba sai ya kai ƙarshen layi ba. Ya juya bakin bindigarsa inda babu kowa, ya fitar da harsashin da ke baki, ya ɗana na ƙarƙashinsa. Ta'aziyya za ta iya jira.

Za a yi jana'izar marigayiya gobe Laraba da ƙarfe tara na safe, a garejin gunduma da ke bayan ofis, inda Dwight Ostrander zai yanka ta gida uku da zarto kamar yadda doka ta tanada. Ba a bukatar furanni. Ana roƙon kowane mahalarci ya zo da harsashin da ya cire, a tara su a bokiti guda. Sajan zai zo da nasa, zai kuma ciro tauraron ƙirjinsa, ya ajiye su biyun a gaban Sherif kafin a kunna zarto. Yana roƙon Dwight ya zo da takardar nan da biro, a gyara dalilin mutuwa, don kada a binne ta da ƙarya. Za a zauna makoki a gidan Tafoya bayan an tashi. Ofelia za ta dafa gahawa, kuma ta ce wanda ya zo da faɗa ma ya shigo, akwai kujera.

Roƙo na ƙarshe daga mai makoki. Ba a tura wa Rhonda Pruitt wannan sanarwa ba, kuma kada kowa ya kira ta kafin ƙarfe biyar na yamma. Sajan yana nan a harabar asibiti, bai tafi ko'ina ba. Zai koma ɗakinta yanzu ya gaya mata da bakinsa.