Bikon Malam Ƙamus

Duk faɗin unguwar Chaza ta Suleja babu mai ilimin Malam Taufiq. In ba ka yarda ba, tambaye shi. Aikinsa a Abuja kai takardu ne daga tebur zuwa tebur, amma a motar haya ta safe shi kaɗai jami'a ne sukutum. Fasinjoji suka laƙaba masa Ƙamus, ya karɓa hannu bibbiyu.

Ilimin nan ne ya kori matarsa Sailuba. Ya gyara mata Turanci a gaban baƙi, ya sa ta maimaita har sau uku. Washegari ta yi yaji zuwa gidan mahaifinta a Sabon Wuse. Kwana tara ɗaki ya yi masa faɗi, kuma tsakani da Allah ya yi kewarta.

Kowa ya san yadda ake biko: ka ɗauki dattijo, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ba da haƙuri. Gwanin namu ƙamus ya ɗauka.

"Baba," ya ce wa surukinsa yana gyara tabarau, "na binciko matsalar. Abin da ke damun Sailuba, Bature na kiransa seethe. Asalinsa, shekara dubu da suka wuce, dafa nama ne a tukunya. Daga baya aka ɗora shi a kan wanda ransa ke tafasa amma bai ce uffan ba. Ka ga ke nan ba laifin kowa ba ne, kimiyya ce. Za ta huce da kanta."

Tsohon ya ce, "Madalla. To a shekara dubun nan, Bature bai ƙago kalmar ban haƙuri ba?"

"Ya ƙago mana, Baba! Guda shida na sani. Ta farko daga Girkanci ta fito..."

Ta ƙasan labule ya hango ƙafafun Sailuba cikin takalmin fita, ga jakarta a gefe, ta haɗa kaya tsaf. "Yi haƙuri" kawai baiwar Allah take jira. Shi kuwa ya ɗauka daɗin lacca ne ya jawo ta, sai ya ƙara murya. Yana kan kalma ta huɗu takalman suka juya, jakar ta bi su.

A motar komawa Suleja ya shaida wa na kusa da shi cewa yau ya ƙure wani tsoho a muhawara. Sannan ya roƙi direba ya ɗan tsaya, ya sayi burodi babba, wanda zai kai shi mako.