Rasuwar Farar Tawada a Hannun Muciyar Ja

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da tabon launi, Baba Mai Buga Riguna yana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan ciniki rasuwar Farar Tawadarsa, wadda rai ya yi wa halinsa a cikin gwangwaninta, a kan kantar da ke kusa da taga.

Marigayiya 'yar babban gida ce. Asalinta garin sinadarin titaniyam dayoksaid ne, farin da ba ya barin abin da ke ƙarƙashinsa ya leƙo. A baƙar riga ita ake fara shimfiɗawa kafin sauran launuka su hau. In babu ita, ja ya dushe, rawaya ta ɓace ɓat. Ta yi zamanta a ƙarƙashin wasu, su ake yabo, ba ta taɓa ƙorafi ba. Aibinta ɗaya, nauyin jiki: da an ƙyale ta sai ta kwanta a gindin gwangwani. Shi ya sa kullum da safe Baba ke tashinta da muciyarta, wadda ba ta taɓa shiga wata tawada ba, ita kuma tana amsa gaisuwa da "caɓal, caɓal".

Ciwon ajali ya same ta ne a irin wannan safiya. Baba ya miƙa hannu ya ɗauki muciya, ya juya ta har ƙasa. Ashe muciyar Jar Tawada ce. Bai gani ba. Ya buga sunaye da lambobi a rigunan ƙungiyar ƙwallon unguwa, su kaɗai suka rage masa cikin masu kawo babban aiki, ya shanya, ya ja da baya yana yaba haskensu. Sai ga babbar 'yarsa da kwanon abinci, ta tsaya turus.

"Baba, koci ne ya ce a yi musu da ruwan hoda?"

"Wane irin ruwan hoda kuma? Fari ne ƙal!"

Ta dubi rigunan, ta dubi idanunsa, ta ajiye kwanon a hankali.

An yi iya ƙoƙari. An kwashe samanta, an tace, an bar ta ta huta. Farin da ya sha ja ba ya dawowa. Koci ya zo ya kwashi rigunansa, ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba," bai ce sai wani aikin ba. Baba ya san ana sayar da tawada a kasuwa. Idon da zai bambance wannan muciya da waccan ne ba a sayarwa, kuma wannan shi ne abin da ke cin ransa.

Ta rasu ta bar Ja, wadda har yanzu ba ta nuna nadama ba. Shuɗiya da Rawaya, marayun da ba su da inda za su tsaya. Baƙa, 'yar'uwar da ba su taɓa shiri ba. Da ragar buga zane a riga, da robar da ake baza tawada da ita, da tsoho ɗaya.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a bayan shago. Ba za a zuba ta a kwata ba, da gwangwaninta za a rufe ta. Daga nan 'yarsa za ta kulle shagon, makullin kuma a hannunta zai zauna. Za a karɓi gaisuwa a kan bencin ƙofar gida.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, kowa ya faɗi sunansa in ya yi sallama, don kada Baba ya ji kunyar tambaya.