Farar Ƙasa a Ɗakin Asiya

"...Ya ruwa, tsohuwa?"

"Ruwa ya yi gyara, maigidan."

Ɗana Misbahu ke gaida mahaifiyata, Tanna. Ruwan marka ya shiga ɗakin 'yata Asiya, wanda muka rufe tun rasuwarta bara. Da muka buɗe, funfuna ta ci bango. Mutanen asirans, wato inshora, na Maraɗi suka ce kada a taɓa komai sai ma'aikacinsu ya zo Mayahi ya gani. In bai ga ɓarna ba, babu gyara. Ranar da ma'aikacin zai zo, Misbahu ya iske kakarsa riƙe da bokitin farar ƙasa.

"Gyara kam na gani. Ina funfunar?"

"Na kankare, na shafe. Baƙo zai zo daga Maraɗi ya iske ɗakinmu kamar cikin rijiya?"

"Ita ya zo gani!"

"Duk Maraɗi babu funfuna, sai ya ƙona esans a mota ya zo tamu?"

"Gyaran gangar Auzinawa. Yanzu me za mu nuna mishi?"

"Ka tsaya jikin bango ya ɗauke ka foto. Rigar nan rabonta da sabulu tun sallah. Gwano ba ya jin warin jikinsa."

"Ke zan jingina. Tsagar fuskarki ta fi ta bangon."

"Fuskar nan ta sa kakanka ya sai da saniya. Kai wa ya taɓa sai da kaza saboda kai?"

"Na sake ki."

"Mijin da bai taɓa cefane ba? Allah raka taki gona."

Ta aje bokitin, ta nuna kusurwa da haɓa.

"Ɗaga labulen can."

Ya ɗaga. Funfuna baƙa ƙirin daga ƙasa har rufi. A tsakiyarta akwai shatin man kai, inda Asiya take jingina in ana mata kitso. Ina tsaye bakin ƙofa, ban shiga ba.

"Nan ban taɓa ba," in ji Tanna. "Ta ishi baƙon?"

Misbahu ya daɗe bai saki labulen ba.

"Ta isa."

"To ya ɗauki fotonsa. Amma in sun zo gyara, wajen nan su bar shi."

Ya laluba aljihu, ya miƙa mata goro.

"Na maida ke."

Ta juya goron, ta duba bayansa, ta ga shi ma ya fara funfuna.

"Wannan ma a nuna wa baƙon," ta ce, ta ƙulle shi a bakin zane.